Me Ya Haɗa Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi da Marubutan Amurka?

Alhaji, saki fuskar nan tukuna, na san abin da ke cin ka. Ka biya kuɗin makaranta, ka biya na jarrabawa, ka biya na darasin yamma, sai ga yarinya ta dawo da wata 'yar takarda, wai malamin adabin Turanci ya ce kowa ya je ya binciko tarihin marubuci ɗaya ɗan Amurka, ya rubuto shafi uku kafin Litinin. Tun daga Court Road har gadar Dangi an ji ka kana sababi: me ya haɗa ɗan Gyaɗi-Gyaɗi da Amurka? Wa ya aike mu? To gyara zama, tura hular nan baya, yau ni da kai ne.

Da fari dai ka daina hararar malamin, ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Hukumar WAEC ce take fitar da jerin littattafan adabin Turanci, tana sauya su duk bayan shekara biyar, kuma da wuya jerin ya fito babu Ba'amurke a ciki. Daga 2016 zuwa 2020 yara sun sha fama da Native Son na Richard Wright da wasan kwaikwayon A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry. Daga 2021 zuwa 2025 aka ɗora musu Invisible Man na Ralph Ellison, da Fences na August Wilson, da waƙar Maya Angelou mai suna Caged Bird. Jerin da ya biyo baya kuma ya zo da To Kill a Mockingbird na Harper Lee. Ba kai ne kake cika baki a majalisa cewa 'yarka lauya za ta zama ba? Jami'o'i da yawa ba sa ba da gurbin karatun lauya sai da kiredit a adabin Turanci. Baƙar rigar nan da kake mafarkin gani a jikinta, ta hannun mutanen nan za ta biyo. Ka ga sai ka rage murya.

Ka ce to ta karanta littafin mana, me ya kai ta tonon asirin mai littafin? Ina ruwanta da sunan uwarsa da garin da aka yanke masa cibiya? Haba Alhaji! Kai da in yaro ya zo neman auren 'yarka sai ka tura an binciko shi har kakansa na uku, an leƙa unguwarsu, an tambayi limaminsu. Mutumin da zai zauna a cikin kan 'yarka shekara uku yana yi mata magana, shi ne ba ka son a san asalinsa?

Bari in nuna maka abin da binciken yake tonowa. A Raisin in the Sun labarin wani gida ne na baƙar fata a Chicago, mutum biyar cunkushe a ɗan gidan haya, banɗaki ma na tarayya ne da maƙwabta. Maigida ya rasu, kuɗin inshorarsa dala 10,000 na tafe. Babban ɗa yana so a damƙa masa ya zuba a shagon giya, ƙanwarsa tana so ta karanta likitanci, tsohuwa kuma ta kafe gida za ta saya. Cire giyar, sa adaidaita sahu a wurinta, ka rantse mini ba a yi wannan rigimar gadon a layinku ba. Yarinyar da ta karanta wasan kawai za ta ce labari ya yi daɗi. Wadda ta bi sawun marubuciyar kuwa za ta tarar cewa mahaifinta, Carl Hansberry, ya taɓa sayen gida a unguwar farar fata lokacin tana ƙarama, maƙwabta suka yi musu ca, har aka wurgo musu ƙullutun kankare ta taga, saura ƙiris ya same ta. Shari'ar ta kai kotun ƙolin Amurka, aka yanke ta a 1940. Wasan ya fito a 1959. Yanzu in aka tambayi yarinyar me ya sa a wasan wakilin unguwar farar fata ya zo da ladabi yana roƙon iyalin su karɓi kuɗi su fasa tarewa, ba za ta tsaya cizon biro ba.

Kuma a cikin wasan akwai ɗan Najeriya, wani ɗalibi mai suna Joseph Asagai da yake neman ƙanwar nan. Daga ina Ba'amurkiya ta samo ɗan Najeriya a 1959, ƙasar ko 'yancin kai ba ta samu ba? Baffanta, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma cikin waɗanda suka zauna a ajinsa har da Nnamdi Azikiwe. Ka ce ai Asagai Bayarabe ne, Zik kuma Inyamuri, ina naka? Yi haƙuri, naka na nan tafe, kuma in ya iso ban yarda ka ce za ka je alwala ba.

Ka ce to shi ke nan, ai abu mai sauƙi ne, ba ga waya ba? Ka saya mata a Farm Centre da kuɗinka, ta latsa kawai komai ya zubo. Nan fa ake yin ta. Zo mu leƙa shagon kwamfutar da ke kusa da ku, mu tsaya bayan yaron can mai farin wando. Ya rubuta sunan littafin Ellison, Invisible Man, ya danna na farko da ya fito, bai karanta ko layi biyu ba ya ce wa mai shago ya buga masa. Inji ya yi ƙara, takarda ta fito da ɗuminta, ya biya, ya naɗe, ya soke a aljihu, yana tafe yana fito. Abin da ya ɗauko labarin wani masanin kimiyya ne da ya haɗa magani ya ɓace wa idon mutane, yana yawo da fuska naɗe da bandeji. Littafin H. G. Wells ne, Baturen Ingila, na 1897. Sunan kusan ɗaya ne, amma ba shi aka aike shi ba. Ranar Litinin yaron nan zai tsaya gaban aji ya yi bayanin layar zana, malam kuma ya riƙe kai.

Na Ellison, wanda ya fito a 1952, babu laya a cikinsa. Wani saurayi ne baƙar fata da kowa ke kallonsa amma ba wanda yake ganin sa a matsayin mutum: shugaban makaranta ya yi amfani da shi, masu masana'anta suka yi, 'yan siyasa suka yi, ƙarshe ya shige wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a New York ya kunna ƙwan lantarki 1,369, duk da wutar sata. E, wutar sata, ta bayan mita. Na ga ka yi murmushi. Ashe dai akwai abin da ya haɗa ku da Amurka.

Ko wanda ya dace da littafin gaskiya bai tsira ba. Cikakken sunan marubucin Ralph Waldo Ellison ne, mahaifinsa ya raɗa masa sunan wani tsohon marubuci farar fata, Ralph Waldo Emerson, wanda ya rasu tun 1882. Yaro mai gaggawa sai ya kwaso hoton wancan ya manna a kan tarihin wannan. Sannan ga shekarar haihuwa: tsofaffin littattafai da yawa sun ce 1914, masu bincike na baya suka bi takardu suka tsayar da 1913. Wanne 'yarka za ta rubuta? In mai wayo ce, ta rubuta 1913 ta kuma faɗi cewa akwai masu cewa 1914. Wannan jimla guda ita ce bambancin wanda ya yi bincike da wanda ya yi kwashe. Ita ma Maya Angelou tana da nata tarkon: waƙar Caged Bird daban, littafin tarihin ƙuruciyarta na 1969 mai kama da sunan daban. An aiki yaro waƙa mai shafi ɗaya, ya dawo da taƙaitaccen bayanin littafi sukutum.

Ka ce yanzu ai akwai ChatGPT, shi ba ya kuskure. Wa ya gaya maka? Yana yi, kuma in zai yi ba ya ƙifta ido. Ta tambaye shi, ba laifi, matambayi ba ya ɓata. Amma duk shekara, duk suna, duk wata magana da aka ce marubuci ya faɗa, ta nemi wuri na biyu da ya faɗi haka, ta kuma rubuta inda ta samo. In ya ba ta sunan littafin da za ta dogara da shi, ta tabbatar littafin yana duniya. Waɗannan 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a Sabon Gari su ma haka. Suna da amfaninsu daren jarrabawa, amma yaron da bai taɓa buɗe ainihin littafin ba, mai duba takarda yana gane shi tun daga sakin layi na farko, domin mutum ɗari sun riga shi zubo wannan haddar, waƙafi bai canza wuri ba.

To ina za ta je in ba waya ba? Tambayar da nake jira ke nan. Tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello? Kar ka ce ka wuce ta gabansa, kowa ma yana wucewa. A can ne ma ofishin jakadancin Amurka ya buɗe American Corner. Daga Tarauni zuwa wurin ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce.

Ji abin da ɗakin karatu yake nufi ga mutanen da kake rainawa. Richard Wright an haife shi a 1908 a jihar Mississippi, cikin talaucin da yunwa ta zama 'yar gida. Yana saurayi yana aiki a Memphis, dokar gari ba ta yarda baƙar fata ya ari littafi a ɗakin karatu ba. Sai ya lallaɓi wani abokin aikinsa farar fata ya ara masa katinsa. Ya zauna ya rubuta 'yar wasiƙa da hannunsa, kamar mai katin ne ya aiko shi, ya sa hannun mutumin a ƙasa. Ya je gaban ma'aikaciyar ya miƙa, ya sunkuyar da kai, ya yi fuskar ɗan aiken da ko baƙi bai sani ba, ita kuma tana juya takardar tana dubansa. Da haka ya fito da littattafan H. L. Mencken a hammata. Shi da kansa ya ba da labarin a Black Boy, na 1945. Mutum ya yi ƙaryar jahilci don a bar shi ya yi karatu. Naka kuwa an buɗe masa ƙofa, an sa masa kujera, shi ne yake ƙaryar ya karanta.

Na August Wilson ya fi ban haushi. Yana ɗan shekara 15 a Pittsburgh ya rubuta aikin makaranta mai shafi 20 a kan Napoleon. Aikin ya yi kyau har malamin ya ƙi yarda shi ya yi, ya zarge shi da kwafa. Yaro ya yi zuciya ya bar makarantar. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba. Kullum da safe ya shirya ya fita, sai ya zarce ɗakin karatu na Carnegie ya wuni. Wannan yaron ne ya rubuta wasanni goma a kan rayuwar baƙar fatar Amurka, kowane wasa da shekaru gomansa a ƙarni na 20, kuma Fences ya ci kyautar Pulitzer a 1987. Shi an zarge shi da kwafar da bai yi ba ya yi fushi. Namu kuwa in malam ya kama shi da kwafar da ya yi, kai ne za ka saka babbar riga ka je ba da haƙuri. Kada ka fahimce ni a karkace, ban ce ɗanka Abba ya bar makaranta ba. Na san halinsa, wannan sashen kaɗai zai ji.

Na ji ka, na ji ka. Ka ce littattafan nan babu tarbiyya: kisa, giya, 'ya'yan gaba da fatiha. Akwai su, ba zan ɓoye maka ba. A Native Son Bigger Thomas ya danne 'yar maigidansa da matashi don kada a kama shi a ɗakinta, ta mutu, ya ƙona gawar. A Fences maigida ya haihu a waje, uwar jaririyar ta rasu wurin haihuwa, ya rungumo 'yar ya kawo wa matarsa. Amma fa dubi wanda yake wannan ƙorafin! Wayar da ka saya mata, ka san abin da take kallo a ciki bayan isha'i? Can ba malami, ba tambaya, ba mai cewa me ya jawo haka. A aji kuwa ana tsayar da Bigger a tambaya: wane irin tsoro ne yake mayar da yaro haka, wa ya gina unguwar da ya tashi a ciki? Kai ba irin tambayar da kake yi ba ke nan duk lokacin da 'yan daba suka tare hanya?

Shi kuma Troy na Fences, ka san shi. Mai kwasar shara ne, a ƙuruciya gwanin wasan ƙwallon sanda, amma launin fata ya hana shi shiga manyan ƙungiyoyi. Da ɗansa Cory ya samu damar shiga jami'a ta hanyar wasa, sai uban ya taka wa abin birki, ya ce ya je ya nemi sana'a. Yana ciyar da gida, yana biyan komai, amma kalmar yabo ɗaya ta gagare shi. Ban kira sunan kowa ba. Amma ranar da Abba ya ce yana so ya gwada sa'arsa a Kano Pillars, har maƙwabta sun ji amsarka.

Yanzu ga babbar hujjarka, wadda ka ajiye sai ƙarshe: a fara da namu mana! Ina Abubakar Imam, ina Sa'adu Zungur, ina Aƙilu Aliyu? Wallahi na yarda, kawo hannu. To gaya mini, a wane gari aka haifi Abubakar Imam? Zariya? Ka faɗi. A Kagara ne, 1911. Ka ga kai ma jingar ta hau kanka. Kuma da 'yarka za ta binciki Imam yadda aka ce ta binciki Ellison, da ta gano cewa Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, cike yake da labaran da ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, har da tatsuniyoyin Jamus, ya ɗinka musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Da Imam ya ce me ya haɗa shi da littattafan waje, da aku bai yi waziri ba. Hannun da ya iya tono tarihin Ba'amurke, gobe shi zai tono na Zungur. Sana'ar ɗaya ce.

Na ce naka na nan tafe, ga shi ya iso. A 1854 aka buga wani ɗan littafi a birnin Detroit, tarihin Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi a Zugu, zangon fataken goro da ke arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, kuma littafin ya ce mahaifiyarsa mutuniyar Katsina ce. Katsina, Alhaji, ba Kalifoniya ba. An kama shi bawa, aka sayar da shi a Brazil, a 1847 jirgin ubangidansa ya tsaya a New York ya kuɓuce, ya zauna a Haiti, ya dawo Amurka ya shiga makaranta. In ka bi dangi da kyau, ba mamaki kawunka ne.

Ga kuma Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said. Haifaffen Kukawa ne, ɗan Barka Gana, jarumin yaƙin Shehun Barno. Yana yaro aka sace shi, aka ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha. Ya ƙare a Amurka, ya shiga soja a 1863 lokacin yaƙin basasarsu, ya koyar a makarantu, ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873. Ka karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kana tausayin yaron da aka sace aka kai arewacin hamada. Wancan ƙagagge ne. Wannan da ƙafarsa ya taka, kuma a garin da ya buga littafinsa ne, bayan shekara hamsin da wani abu, aka hana Richard Wright aron littafi.

Na uku ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma za ka gane allonsa. Umar ɗan Sa'id, malami daga Futa Toro ta Senegal, aka kai shi Amurka bawa wajen 1807. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci a jihar North Carolina, kuma da me ya buɗe? Da Suratul Mulk, Tabaran nan da ka sha bulala a kanta. Rubutun hannun nasa yana ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka, an kuma ɗora hotonsa a intanet, 'yarka za ta iya karanta shi da Larabcin Islamiyyarta. Marubucin Amurka ke nan da malamin Turanci zai zo wurinta neman fassara. Za ta kuma ci karo da abin da ba zai yi maka daɗi ba: Baquaqua da Nicholas duk sun karɓi Kiristanci, shi Umar kuwa har yau masana na ja-in-ja ko ya bar addininsa ko ɓoyewa ya yi. Ta rubuta hakan yadda ta same shi, ta kuma tambayi kanta yadda rayuwa take ga yaron da aka raba da uwa da gari da harshe.

Waɗannan ukun ba sa cikin jerin WAEC, kar ta je ta zuba su a takardar jarrabawa ta ce ni na ce. Amma in malam ya bar wa kowa zaɓi, ta roƙe shi ya bar ta ta ɗauki ɗaya. Ajin nan mutum arba'in za su kawo Maya Angelou da hoto iri ɗaya.

Saura kai. In ta gama rubutun, kar ka tsaya yaba kyan bangon da aka yi masa a shagon kwamfuta. Sa yatsa a kan shekara ɗaya ka tambaye ta a ina ta samo, wa ya faɗa, wa kuma ya ƙara faɗa. In ta ce waya, mayar da ita. Sannan ka karɓi Fences ɗin nata ka karanta, ko ka sa ta fassara maka bayan magariba, ba dogo ba ne. In kun zo wurin da Cory ya tambayi ubansa ko yana son sa, kar ka ce barci kake ji.